Karatun Injiniyan Tsara Aiki: Darasin Da Bakalori Ta Koya Mana

A wannan wata filinmu na ilmi zai yi bayani ne a kan wani karatu da ake yi a jami'a. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa mu mutanen Mafara da Bakura da Maradun mun fi kowa ɗanɗana kuɗar rashinsa.

In aka ce injiniya a ƙauyukanmu, abin da ke zuwa a ran mutum shi ne mai hular kwano da ke auna hanya, ko mai gina gada, ko mai ƙera inji. Duk waɗannan injiniyoyi ne na gaskiya. To amma akwai wani kuma na daban. Shi aikinsa shi ne ya tsaya ya dubi aiki tun daga farkonsa har ƙarshensa, ya ga yadda mutane da injuna da kaya da kuɗi da lokaci za su haɗu su tafi tare ba tare da ɓarna ba. Turawa suna kiran karatunsa Indastiriyal Injiniyarin, wato injiniyancin masana'antu. Yana da ɗan'uwa na kusa, Sistam Injiniyarin, wato injiniyancin tsare-tsare. A wasu jami'o'in duniya ma haɗe suke a sashe guda. Mu a nan za mu riƙa ce wa mai wannan ilmi injiniyan tsara aiki, don sauƙin fahimta.

WANE NE INJINIYAN TSARA AIKI?

Mai karatu, ɗauki misalin gayya. Maigida ya tara mutum 30 a gonarsa. Akwai hauyoyi, akwai fura, akwai makaɗa. Amma ba wanda ya raba kuyya, ba wanda ya san daga ina za a fara, furar kuma ba ta iso ba sai da rana ta take. Ƙarfi dai akwai shi, kayan aiki akwai su, amma sai a tashi ba a noma rabin gonar ba. Abin da ya ɓace a nan shi ne tsari. Sarkin noma na ƙwarai ya san haka tun kaka da kakanni.

To, idan aiki ya girma ya zama masaƙa mai ma'aikata 2,000, ko asibiti mai gado 500, ko madatsar ruwa mai shayar da dubban gonaki, basirar mutum ɗaya ba za ta iya riƙe shi a ka ba. Dole sai an auna, an rubuta, an yi lissafi. Wannan shi ne abin da injiniyan tsara aiki yake zuwa jami'a ya koya.

Tambayoyinsa kullum ba su wuce irin waɗannan ba: Ina aikin ke tsayawa? Me ya sa mutane ke daɗewa a layi? Nawa ake kashewa, nawa ke dawowa? In wannan inji ya lalace, me zai biyo baya? Wa zai gyara shi, da wane kuɗi? Wa aikin nan zai amfana, wa kuma zai cutar?

ASALIN WANNAN ILMI

Wannan ilmi ya samo sunansa ne a Amurka, shekaru ɗari da wani abu da suka wuce. Wani injiniya mai suna Frederick Taylor ya yi aiki a wani kamfanin ƙarfe a garin Bethlehem na Jihar Pennsylvania. Ya lura leburori suna kwasar tama mai nauyi da gawayi marar nauyi duk da shebur iri ɗaya. Sai ya riƙe agogo ya yi ta gwaji, har ya gano cewa lebura ya fi yin aiki mai yawa a yini idan kowace kwasa ta kai kimanin kilo 9 da rabi. Daga nan ya sa aka yi shebur iri-iri, ƙarami don kaya masu nauyi, babba don marasa nauyi. A shekarar 1911 ya buga littafi a kan wannan dabara.

Akwai kuma wasu mata da miji, Frank Gilbreth da Lillian Gilbreth. Shi mijin magini ne. Ya ƙirga motsin da magini ke yi kafin ya aza bulo guda, ya tarar sun kai 18. Da ya ɗaga bulon daga ƙasa ya ajiye shi daidai hannun magini, sai motsin ya ragu zuwa kimanin 5, aikin ya ninka, ciwon baya kuma ya ragu. Ita kuwa matar, uwa ce mai 'ya'ya 12, kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan malaman wannan fanni a duniya. Iyayen 'ya'ya mata su riƙe wannan a ransu.

A 1913 kamfanin motoci na Ford ya soma jera ma'aikata a layi, mota tana tafiya a gabansu kowa yana sa abu guda. Haɗa mota da ke cin sama da awa 12 ya dawo kimanin awa ɗaya da rabi. Kafin wannan ma, a 1909, wata jami'a a Pennsylvania ta riga ta buɗe sashe na musamman don koyar da wannan ilmi.

Sai dai fa dabarar Taylor ta sha suka. Ma'aikata sun yi kukan cewa an mai da su kamar injuna, ana auna su da agogo ba a tambayar ra'ayinsu, har sai da majalisar dokokin Amurka ta binciki lamarin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Toyota na Japan ya gyara wannan kuskure. Ya ba ƙaramin ma'aikaci ikon tsayar da layin aiki in ya ga aibi, ya kuma riƙa karɓar shawararsa. Tun daga nan masu wannan ilmi suka yarda cewa tsarin da bai sa mutane a lissafi ba, ba zai ɗore ba. Mu kuwa ba sai mun je Amurka ko Japan ba kafin mu gane haka. Shaidar tana nan a bakin ƙofarmu.

ABIN DA YA FARU A BAKALORI

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi ƙaramar madatsa a Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, a bi aikin sannu a hankali. Amma daga baya aka zaɓi a yi babba gaba ɗaya. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya soma ginin a 1974, ya gama a 1978, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

Aikin ba ƙarami ba ne. Tsawon madatsar ya kai kilomita 5 da rabi, tsayinta a tsakiya mita 48. An gina ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Don mai karatu ya gane, kubik mita guda daidai yake da jarka 40 masu cin lita 25. Tafkin ya rufe kimanin hekta 8,000, hekta guda kuwa kusan eka biyu da rabi ce. An shirya a shayar da hekta 23,000: kimanin 8,000 ta hanyar kanal, inda ruwa ke gangarowa da kansa, sauran 15,000 kuma ta hanyar feshi, inda famfuna ke tura ruwa cikin bututu ya fito kamar yayyafi. An kuma sa injunan samar da wutar lantarki daga ƙarfin ruwan, da wasu masu amfani da man gas.

Ta fuskar gini, aikin ya yi kyau, ga madatsar nan tsaye har yau. Bakalori ta kuma ciyar da dubban gidaje da shinkafa da masara da dankali da kayan lambu. Wannan gaskiya ce, ba mai musun ta. Amma akwai abubuwa uku da ba a sa su cikin lissafi yadda ya kamata ba, kuma su ne suka ci mu.

Na farko, mutane. Tafkin ya tashi sama da mutum 10,000 daga gidajensu da gonakinsu, mafi yawa a ƙasar Maradun. A yankin ban ruwa kuma an hana manoma shuka na tsawon lokaci ana baje ƙasa, an sare itatuwan amfani, iyakokin gonaki suka ɓace, biyan diyya ya yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, wasu masu bincike kuwa suka ce sun haura 380. Dattawanmu suna tune da wannan rana. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu.

Na biyu, mutanen gangare. Fadamun da ke ƙasa da madatsar sun dogara ne da ambaliyar damina. Ita ke ba su shinkafa, ita ke barin laima don noman rani, ita ke kawo kifi. Da aka tare gulbin, ambaliyar ta ragu, dubban hektocin shinkafar fadama suka koma gero da dawa, masunta kuma suka rasa abin kamu. An ƙirga ribar da za a samu a sama, ba a cire asarar da za a yi a ƙasa ba.

Na uku, gobe. Ban ruwa na feshi yana son wutar lantarki kullum, da famfuna masu lafiya, da kayan gyara daga ƙasar waje. Lokacin da aka zaɓe shi kuɗin man fetur na shigowa, naira kuma tana da daraja. Da kuɗin mai suka ja baya, naira ta faɗi tun daga 1986, sai kayan gyara suka gagara saye. Kafin shekarar 2003 feshin ya tsaya cak, abin da ake nomawa da ruwan madatsar bai wuce kimanin hekta 7,500 ba. Wato kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da aka yi alkawari.

Ka ga ke nan, mai karatu, siminti bai gaza ba, ruwa ma bai gaza ba. Waɗannan abubuwa uku, wato mutane, da abin da aiki ke jawowa a wani wuri, da kuɗin riƙe shi har tsawon rayuwarsa, su ne ainihin abin da ake koya wa injiniyan tsara aiki ya fara tambaya tun kafin a aza tubali. Ba mu ce ilmi kaɗai zai hana son zuciya ko kuskuren shugabanni ba. Amma in akwai masu ilmin a cikinmu, za a sami mai tashi ya ce ga lissafi, ga inda za a yi asara, ya kuma faɗe shi da harshen da ake saurara a ofis.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da wani shiri na Gwamnatin Tarayya mai suna TRIMING, na kimanin dala miliyan 495, don gyara manyan wuraren ban ruwa na Arewa, har da Bakalori. Abin lura shi ne, shirin bai tsaya ga yashe kanal da gyaran ƙofofin ruwa ba. Ya haɗa da kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, don manoma su shiga cikin raba ruwa, da tara kuɗinsa, da kula da ƙananan hanyoyinsa. Wato abin da aka tsallake a farko shi aka dawo ana nema daga baya.

MISALAI UKU DAGA GONA DA KASUWA

Don kada abin ya zama labari kawai, ga misalai uku na irin lissafin da ɗalibin wannan fanni ke koya. Alƙaluman na misali ne, kowa na iya sa nasa.

Misali na ɗaya, rabon ruwa. A ce gonaki 12 ne masu girma ɗaya a kan hanyar ruwa guda, ana sakar musu ruwa awa 24 a mako. Kowa zai ce adalci shi ne a ba kowace gona awa 2. To amma ruwa yana tsotsewa a ƙasa, ciyawa tana rage masa gudu, saboda haka abin da ke isa gonar ƙarshe a awa 2 bai kai abin da gonar farko ta sha ba. Injiniyan tsara aiki zai auna ƙarfin ruwan a farko da ƙarshe. Mai yiwuwa ya ce gonaki 6 na farko su sha awa ɗaya da rabi kowacce, 6 na ƙarshe kuma awa biyu da rabi. Na farko sun ci awa 9, na ƙarshe sun ci 15, jimla 24. Ba a ƙara ko ɗigon ruwa ba, amma faɗan da ake yi da dare a bakin kanal ya ragu. A Pakistan da arewacin Indiya manoma sun daɗe suna bin rubutaccen jadawalin mako-mako, kowa ya san ranarsa da sa'arsa.

Misali na biyu, matsattsin aiki. Wata ƙungiyar mata tana sayen shanshera, ta turara, ta shanya, ta kai injin casa. A ce tukwanensu na iya turara buhu 30 a yini, injin na iya cashe 40, amma filin shanya buhu 15 kawai yake ɗauka. Buhu nawa za su fitar a yini? Sha biyar ne, ko da kuwa injin ya fi haka girma sau goma. In ƙungiyar ta ci bashi ta sayi inji na biyu, ta jefa kuɗinta a rijiya. Abin da take bukata shi ne tamfol da dandamalin siminti na shanya, waɗanda kuɗinsu bai kai na inji ba. Garken shanu duk yawansa, gwargwadon faɗin ƙofa yake fita.

Wannan kuskure har manya yana kamawa. A 2016 aka buɗe babbar masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote a Kadawa ta Jihar Kano, mai iya cin tan 1,200 a yini. Amma ta sha tsayawa saboda ba ta samun isasshen tumatir daga manoma, ga tsutsar da ta cinye gonaki a wannan shekara, ga kuma saɓanin farashi. Injin lafiya lau yake. Matsattsin yana can a gona.

Misali na uku, rigakafi. Mai injin ban ruwa yana ganin canza baƙin mai a kan lokaci ɓarnar kuɗi ce. Sai ranar da shinkafa ta fara ciki, injin ya buga, makanike yana Mafara, kayan gyara suna Gusau. Kwana biyar ba ruwa, amfanin gona ya tafi. Ɗalibi yana koyon yadda zai lissafa lokacin da ya dace a duba kowane inji, da irin kayan gyaran da ya kamata a ajiye a sito tun kafin a bukace su. Da an yi wa famfunan Bakalori irin wannan tanadi, tare da ware kuɗinsa tun farko, da labarin ya sha bamban.

ME AKE KOYA A JAMI'A?

Karatun digiri na injiniya a Nijeriya shekara 5 ne. A shekarar farko ana ƙarfafa Lissafi da Fiziks da Kemistiri. A ta biyu duk ɗaliban injiniya suna tafiya tare: zanen injiniya, ƙarfin ƙarafa, sanin lantarki, aikin kwamfuta, da shiga ɗakin ƙira don a riƙe zarto da guduma da hannu.

Daga shekara ta uku ake shiga cikin fannin sosai. Ana koyon ƙididdiga, wato yadda ake karanta alƙaluma a gane abin da suke nufi. Ana koyon lissafin zaɓin hanya mafi riba idan ƙasa da ruwa da kuɗi ba su da yawa, irin wanda zai gaya wa manomi eka nawa zai ba shinkafa, nawa zai ba albasa. Ana koyon lissafin layi, wanda wani masani mai suna Erlang ya fara a ƙasar Danmak a 1909 don wayar tarho, yanzu kuwa ana amfani da shi a asibiti da banki da wurin rabon taki. Ana koyon auna lokacin aiki, da tsara wurin aiki don kada ma'aikaci ya gaji ko ya ji rauni, da tabbatar da ingancin kaya, da tsarin sito da sufuri, da lissafin ko aiki zai mai da kuɗinsa. Ana kuma koyon yadda ake kwaikwayon masana'anta ko madatsa a cikin kwamfuta, a gwada ta a ga inda za ta gaza tun ba a kashe ko kwabo ba.

A shekara ta huɗu ɗalibi yakan tafi koyon aiki na kimanin wata 6 a wata ma'aikata, a ƙarƙashin shirin SIWES. A ta biyar sai ya zaɓi wata matsala ta gaske ya yi bincike a kanta. Yaron da ya tashi a bakin kanal ba zai wahala wajen neman matsalar da zai bincika ba.

Kada kalmar lissafi ta tsorata kowa, kada kuma a ɗauka kayan Turawa ne kaɗai. Aljabara da ake koyarwa a sakandare ta samo sunanta ne daga littafin wani malamin Musulunci, Alkhawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza fiye da shekara 1,100 da suka wuce.

INA AKE YIN WANNAN KARATU?

Jami'ar Ibadan tana da sashen injiniyancin masana'antu da sarrafa kaya, haka ma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Jami'ar Legas tana da sashen injiniyancin tsare-tsare. Jami'ar Benin tana da na sarrafa kaya. A nan Arewa, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci tana haɗa injiniyancin injuna da na sarrafa kaya, Jami'ar Modibbo Adama ta Yola kuma tana koyar da lissafin tsara ayyuka.

Wanda Kudu ta yi wa nisa yana da wata hanyar. Zai iya karanta injiniyancin injuna ko na aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano. A Zariya ma akwai sashen injiniyancin albarkatun ruwa. A cikin waɗannan ana taɓa darussan tsara aiki, daga baya kuma mutum na iya ƙwarewa a digiri na biyu.

Ga matakan da yaro zai bi:

1. Tun daga aji ɗaya na babbar sakandare ya shiga ajin kimiyya. In ya kauce a nan, dawowa tana da wuya.

2. Ya sami kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, a cikinsu dole akwai Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri.

3. Ya rubuta jarrabawar JAMB a waɗannan darussa huɗu. Da kwamfuta ake rubuta ta, saboda haka ya nemi inda zai saba da ita tun da wuri. Ya kuma duba littafin bayanin JAMB na shekararsa kafin ya cika fom, don sharuɗɗan jami'o'i sukan canza.

4. In makinsa bai kai ba, kada ya karaya. Ga Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau a nan Talata Mafara, wadda aka kafa a 1992, kuma sunan wani injiniya ɗan ƙasar nan take ɗauke da shi. Ga kuma ta Tarayya a Ƙaura Namoda. Mai difiloma ta injiniya da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye, ba sai ya fara daga shekarar farko ba.

5. Bayan digiri da bautar ƙasa da 'yan shekarun aiki, sai ya yi rajista da hukumar COREN, wadda ita ke da ikon tabbatar da mutum a matsayin cikakken injiniya.

Batun kuɗi kuwa, a tuntuɓi hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fara ba ɗaliban manyan makarantunta bashin karatu marar ruwa ta asusun NELFUND. A karanta sharuɗɗansa da kyau kafin a sa hannu.

INA ZAI YI AIKI IN YA GAMA?

Wannan ita ce tambayar da kowane uba zai yi, kuma yana da gaskiya. Ba za mu ɓoye ba, masana'antu sun yi ƙaranci a jiharmu, kuma takardar digiri ba ta ba kowa tabbacin aiki. Amma wannan ilmi yana da fa'ida guda: duk inda ake da kaya da mutane da lokaci, yana da wurin zama. Akwai kamfanin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato. Akwai manyan injunan casar shinkafa a Kabi da Kano. Akwai kamfanonin sufuri da na sadarwa, da asibitoci, da hukumomin raya koguna, da ƙungiyoyin agaji masu rabon abinci da magani. Wanda kuma bai sami aikin albashi ba, in ya buɗe ɗan injin casa ko wurin tara albasa, zai riƙe shi da ido buɗe, ya san ribarsa da asararsa.

KIRA GA IYAYE

Mun san halin da ake ciki. Rashin tsaro ya taɓa gonakinmu da makarantunmu, har wasu iyayen sun ji tsoron tura 'ya'yansu. Ga kuma tsadar rayuwa. Duk da haka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Injiniyan da zai zauna a teburin shawara nan da shekara 20, yau yana aji uku na firamare, ko kuma yana bin awaki don ba a sa shi makaranta ba.

Ku lura da yaron da ke yawan tambayar dalili, da yarinyar da ke riƙe lissafin adashin uwarta ba ta kuskure. Ku bar su su riƙa rubuta buhu nawa aka samu, taki nawa aka zuba, kwana nawa ruwa bai zo ba. Wannan littafi na gida shi ne darasin farko na wannan ilmi. Mu kuma manya da ke ajin yaƙi da jahilci, mu dage. Uban da ya iya karanta takardar sakamakon ɗansa ya fi sanin inda zai taimake shi, manomin da ya iya karanta jadawalin ruwa kuma ba a cin rabonsa.

Lokacin da aka zana Bakalori, daga nesa aka zo da masu zanen, iyayenmu kuwa sai dai suka ga motocin baje ƙasa a gonakinsu. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Madatsar tana nan, za a kuma ci gaba da yanke shawara a kanta: wa zai sha ruwa, nawa zai biya, me za a gyara, me za a bari. Ya kamata a cikin masu yanke wannan shawara a sami 'ya'yan Mafara da Bakura da Maradun, maza da mata, waɗanda suka san gonar da ƙafarsu, suka kuma san lissafin da alƙalaminsu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka, amin.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. A sana'arka, ina ne matsattsin da ke tsayar da aiki?

2. Yaya ake raba ruwa a hanyar ruwan da ke kusa da ku? Na ƙarshe yana samun rabonsa?

3. Yara nawa ne daga ƙauyenku ke ajin kimiyya a sakandare? Mata nawa ne a cikinsu?